Matakala shida

1/ Ranar yawon sallah na fita da autanmu. Shekararsa 17, a keken guragu yake tun da shan inna ta kama shi yana ƙarami. Abin da ya faru ya tsaya mini a rai, bari in ba ku labari.

2/ Tun daga bakin titi a Mahuta aka fara. Masu Keke Napep uku suka wuce mu, da sun hango kekensa sai su ƙara wuta. Na huɗu ya tsaya, amma ya ce sai mun biya kuɗin kujerar keken. Muka biya.

3/ Wurin shaƙatawar da muka je a cikin gari, ba zan kama suna ba, matakala shida ce a ƙofa. Samari biyu suka taya ni muka ciccibe shi kamar buhun masara, jama'a na kallo. Wata mata har ta miƙo masa naira ɗari, ta zaci bara muka zo.

4/ Na sayo masa lemo ya ƙi sha. Da na matsa sai ya ce, "Yaya, ka ga ƙofar bayin can? Kekena ba zai shiga ba." Ashe duk ranar da za mu fita ba ya shan ruwa tun safe. Ɗakinmu ɗaya fa, amma wallahi ban taɓa lura ba.

5/ Da dare ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Bakin teku ne a ƙasar Girka, akwai wata kujera mai suna Seatrac da ke tafiya kan dogo da hasken rana. Mutum zai koma kanta daga kekensa, ya danna, ta kai shi cikin ruwa. Ba mai ɗaukarsa.

6/ Har dutsen Acropolis na birnin Atina, mai gine-ginen da suka haura shekara 2,400, an sa masa sabuwar na'urar hawa a Disamban 2020.

7/ Mu ma muna da doka. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku leƙa banki, masallaci, coci ko ajinku, ku gani da idonku.

8/ Ina ta faɗa kan gwamnati, sai Auta ya yi dariya: "Yaya, dokin ƙofar gidanmu fa?" Kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ɗaga shi muke yi a nan.

9/ Muka haɗa kuɗi da Umma, buhun siminti ɗaya da yashi, magini ya yi mana gangara cikin wuni guda.

10/ Jiya na dawo daga makaranta ban same shi ba, hankalina ya tashi. Umma ta ce ya tafi shago sayen kati. Shi kaɗai.