Gwada Ruwa Kaɗai Bai Isa Ba

Labarin Minamata, wani garin masunta a ƙasar Japan, shi ya sa nake yawan tunani kan yadda ake gane haɗarin guba a ruwa. A 1956 aka fara gano cutar a can: jiki na karkarwa, harshe na sarƙewa, kyanwowi na haukacewa. Masana'antar Chisso ce ke zuba dagwalo mai zaiba a teku, mutane kuma na cin kifin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, zaiba ba ta saurin fita daga jikin kifi. Ƙananan halittu su sha, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya haɗiye ƙaramin, gubar na taruwa har ta ninka ta cikin ruwan sau dubbai. Don haka sai an gwada naman kifin kansa, an kuma bincika su wa ke ci da sau nawa a mako, musamman masu juna biyu.

'Yan'uwana ɗalibai, masu haƙar zinariya a Zamfara ma suna aiki da zaiba. Ya kamata mu riƙa tambaya: ana kuwa auna kifin rafukan da ke kusa da su?