Badon Tafkunan Sifawa

Da kakar da ta wuce na raka ƙawata biki Sifawa, garin nan da ke kusa da Boɗinga a jihar Sakkwato. Gari ne mai tarihi, don Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinsa wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a bayan gari.

Da sassafe muka bi wata tsohuwa, gwaggon amarya, zuwa fadama. Tafki ne cike da bado, ganyensa shimfiɗe a kan ruwa kamar faifai, furensa fari tas, tsakiyarsa rawaya. Da dare yake buɗewa, rana na ɗagawa ya tsuke. 'Yan mata suka shiga tsinka suna saƙalawa a ɗankwali. Tsohuwa ta dube su ta ce, "Ku ƙawa kuka gani, ɗiyana. Mu abinci munka sani. Shekarun yunwa, da rumbu ya ƙare, wanga abu shi ya riƙe mu."

Ta nuna mana yadda abin yake. In furen ya kaɗe, ƙwallonsa a ƙarƙashin ruwa yake nuna, cike da ƙananan 'ya'ya kamar gero. A tsinko, a shanya, a sussuke, a sheƙe, sai a niƙa a yi tuwo ko kunu. Saiwarsa da ke cikin taɓo ana haƙo ta in ruwa ya janye, a gasa ko a dafa kamar gwaza. Masu maganin gargajiya ma suna neman ganyen da saiwar. Ba mu kaɗai muka san shi ba: mutanen Misira na zamanin Fir'auna sun yi gurasa da 'ya'yansa, sun kuma zana furensa a bangon gine-ginensu.

Sai dai akwai abin tsoro. Irin wannan ruwa mai kwanciya shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Yarinyar da ta ga jini a fitsarinta bayan shiga tafki kada kunya ta hana ta faɗa wa mahaifiyarta, domin a asibiti akwai maganinta, in kuwa aka ƙyale ta tana iya taɓa mafitsara har da mahaifa.

A hanyarmu ta zuwa Shagari na ga wasu tafkunan da bado, ba mai kula su. Cikin mu shida da muka je, ba wadda ta iya sarrafa shi. Wadda Allah Ya bar mata kaka a raye, ta zauna kusa da ita ta tambaya tun da sauran lokaci.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.