Awa 200 a Sama, Fili Ɗaya a Maraɗi

Ran da ɗana ya ci bak, ya same ni a shagona na Adjamé Saint-Michel ina auna shadda. Ya ce, "Baba, matuƙin jirgin sama nake son zama." Na yi dariya, na sa masa albarka. Da muka fara tambayar kuɗi, dariyar ta ɗauke.

Ashe lasisin tuƙa jirgin haya na buƙatar wajen awa 200 a sama, kuma kowace awa kai za ka biya mai, malami da hayar jirgi. Mun yi lissafin kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ko an haɗa ribar shago da adashin uwarsa, sai an sayar da filinmu na Maraɗi.

Yayana na Treichville ya ce, "Alhaji, kar ka taɓa filin tukuna. Likitan matuƙa ya fara duba idonsa, kunnensa da zuciyarsa. In ya faɗi nan, babu lasisi."

Jibi za mu karɓo sakamako. Takardar filin tana cikin akwati, amma na riga na fito da ita sau biyu.