Daushe da Goron Faranti

Ƙasar Hausa ba ta noman goro, amma da wuya a sami wani abin tauna da Bahaushe ya raɗa wa sunaye masu yawa kamarsa. Akwai goriya wadda ta fi kowane girma, akwai marsa da ke bi mata, har a gangaro kan minu, ƙananan da ake zubawa a farantin suna idan jama'a ta yi yawa. Akwai farsa, wanda ya rabe biyu tun bai iso hannun mai ci ba, da hannunruwa mai yauƙi wanda ake saye don babu yadda za a yi. Guda ɗari ƙwarya ce, ƙunshin da aka naɗe da ganye kuma huhu. A saman wannan tsani duka daushe yake zaune, wato goron bara da aka yi ta reno har ya ga wata kakar, baurinsa ya kwanta, garɗinsa ya fito. Duk harshen da ya tsaya ya rarrabe abu haka, to masu harshen sun daɗe suna auna junansu da abin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tarihin Kano ya ambaci goro tun ƙarni na 15, ya kuma ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Gwanja. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 ayarin jakuna ne ke ɗauko shi daga kasuwannin Gwanja, tafiyar watanni, ana kwance wagage a zango ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama. Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya bi sawun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙe wannan fatauci, kuma cibiyar na ƙarshen nan Gummi ce, a nan Zamfara. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba ya zama abincin kowa. Goro na sarakuna ne da attajirai da manyan malamai, talaka kuwa sai ranar biki yake ganin ɓari.

Jirgin ƙasa ne ya rushe wannan tsari. Manoman ƙasar Yarbawa sun rungumi dashen irin goron Gwanja a yankunan Agege da Shagamu, har suka ara masa sunan gbanja, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Garin da aka san shi da sunan jarumin jihadi Muhammadu Namoda sai ya zama bakin tasha: gyaɗa da auduga su yi kudu, goro ya yo arewa, daga nan a rarraba shi zuwa Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke bayansu. Cikin 'yan shekaru abin da ake kai wa sarki gaisuwa da shi ya koma kan farantin yarinya mai talla. Sai dai masu son a bambanta su da jama'a ba su rasa mafaka ba. Tunda kowa na cin goro, sai martabar ta koma kan wane goro. Aka shiga cewa na Kudu ruwa ne, ɗan Gwanja na asali shi ne goro. Aka riƙa ambaton labuje, na garin Labozhi a ƙasar Nufe, wanda S. F. Nadel ya bayyana a 1942 yadda Etsu Nupe ya keɓe wa fadarsa shi, kamar ana ambaton wani waliyyi da ba kowa ya taɓa gani ba.

Wannan ɗabi'a ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A Turai da Amurka akwai masu bin kwalaben giyar wiski da ba a samu, suna kwana a layi, suna cika kabad da abin da ba za su buɗe ba. A watan Nuwamba na 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Macallan ta shekarar 1926 a Landan kan fiye da fam miliyan 2. Zamfara ta haramta giya tun da aka ƙaddamar da shari'a a 1999, saboda haka ba a san wannan kwalba a nan ba, amma an san ciwon da ke sa a neme ta. A Ƙaura Namoda ya kama wani dattijo ta hanyar goro.

Tsohon malamin firamare ne, ɗan wani dillali da ya yi zamani a bakin tashar jirgi. Tun yana yaro yake zama gefen mahaifinsa ana kwance huhu, saboda haka ilimin da yake da shi na goro ba na ƙarya ba ne. Yakan gane daushe tun daga ƙarar da ya yi idan an ɓare shi. Yakan duba bayan goro ya ce wannan an jiƙa shi ne don ya yi nauyi, ko wannan sankara ta shiga ta ƙasa ko da ba a ga huda ba, a fasa kuma a tarar haka ne. A majalisar da suke zama bayan La'asar, idan gardama ta tashi kan goro, shi ake jira. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane, albashi bai tara masa komai ba, fansho kuma sai an ga dama, wannan 'yar sarauta ita ce abin da ya rage masa, kuma ba laifi ba ne ya so ta.

Abin da sarautar ke ci ne ya yi yawa. Daushe na gaske ba ya zama a faranti, domin adana shi aiki ne: a shimfiɗa ganye a kwando, a rufe, a riƙa buɗewa ana sauya ganyen ana fitar da wanda ya lalace, kuma kafin shekara ta zagayo an yi asarar wani kaso. Mai wannan haƙuri ba shi da yawa, kuma ya san kuɗin haƙurinsa. Malam ya san mutum biyu: wani ɗan kasuwa da ke baje kaya a Shinkafi ranar Alhamis, da wani tsoho a Zurmi da ke ajiye kwanduna a ɗakin da ba ya barin kowa ya shiga. Don su yake hawa mota. Kuɗin motar kaɗai ya isa ya saya masa goron wata guda a ƙofar gidansa. Sau da yawa ma ya je a ce masa ya ƙare, ko an kai wa wani basarake, ya dawo da alkawarin mako mai zuwa, yana jin wani irin daɗi da shi kansa ba zai iya bayyanawa ba, domin rashin samun ma ƙara wa abin daraja yake yi a idonsa.

Sannan akwai maganar aljihu. Bahaushe ba ya cin goro shi kaɗai a gaban mutane. Ana ɓarewa ne a miƙa. Da goro ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, shi ne tukuicin albishir, shi ne abin da yaro ke jira ranar Sallah ko da kuɗi za a ba shi. Amma wanda ya yi tafiyar yini ya samo daushe goma ba zai iya miƙa wa duk wanda ya yi sallama ba. Sai Malam ya raba aljihunsa biyu. Na dama yana ɗauke da goron faranti, na baƙi da abokan zama. Na hagu kuma daushe ne, wanda yakan gutsura a ɓoye, ko ya jira sai an watse. Ya yi shekaru a haka yana zaton babu wanda ya lura.

Da hanyoyin arewacin Zamfara suka lalace, lissafin ya sake. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi suka zama wuraren da ake tare motoci a kwashe mutane a shiga daji da su, sai an sayar da gona ko shanu kafin a karɓo su. Masu fita don neman abinci ba su da zaɓi. Malam yana da shi, amma bai daina ba. Wata Alhamis aka hana motoci tasowa daga Shinkafi da yamma saboda labarin da ya zo daga hanya, ya kwana a tasha kan benci, gida kuma aka kwana ba a runtsa ba. Da ya shigo da hantsi, uwargidansa ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ƙunshin ta ajiye, ta ce, "Malam, da sun ɗauke ka, mi za mu ce ma mutane? Mu ce goro ka tai saye?" Bai ba ta amsa ba. Bayan mako uku ya sake komawa.

Ba tsoro ne ya karya shi ba, ko da yake ya kamata a ce shi ne. A farkon Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya da labari. Babu Alhamis ɗin Shinkafi, babu yadda za a kira tsohon Zurmi a ji ko akwai. Daushen da ke aljihun hagu ya ƙare cikin kwanaki. Wata rana a majalisa ya zaro goro ya ɓare ya miƙa wa wani abokinsa, wanda suka yi aikin koyarwa tare tun suna samari, ya kuma jefa ɗaya ɓarin a bakinsa. Abokin ya dube shi ya yi murmushi, ya ce, "Yau dai ni da kai goro guda munka ci. Na hagun ya ƙare ke nan?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta mutanen da suka daɗe da sanin abu suna rufa wa mai shi asiri.

A al'adar da ake yi wa marowaci waƙa, a kuma yafe wa mutum kusan kowane hali in dai hannunsa a sake yake, wannan magana ba ƙarama ba ce. Malam ya gane cewa duk shekarun da yake zaton ana girmama shi don ya san goro, ana kuma ganinsa a matsayin mai miƙa wa aminansa abin da shi ba ya ci. Ya koma gida da wuri a ranar.

Bai zama wani mutum daban ba, kuma bai taɓa cewa goron faranti ya kai daushe ba, domin bai kai ba. Sabon goro yana da bauri, yana kama harshe, wani ma sai an haɗa da ruwa. Amma watannin da ya yi ba shi da wani sai shi sun nuna masa abin da ilimin nasa zai iya yi a kusa. A farantin yarinyar da ke wucewa ta ƙofar gidansa da safe, cikin goro ashirin akwai uku ko huɗu da suka nuna sosai, masu tauri, marasa tabo, kuma idon da ya san daushe shi ne ke iya tsamo su. Yarinyar ta gane haka, har takan tsaya ta ce, "Baba, zaɓi naka kahin in wuce kasuwa." Ya tuna kuma da abin da ya gani a hannun mahaifinsa: ya samo ƙaramin kwando da ganye, ya fara ajiye na kakar bana da kansa, yana buɗewa duk bayan 'yan kwanaki. Rabin na farko ya lalace. Na biyu ya yi wata huɗu, ya fito da ɗan garɗin da ba za a kira shi daushe a gaban masana ba, amma ya ishe shi, ya kuma isa a miƙa.

Akwai abin da masu nazarin al'ada kan tsallake idan suna lissafa amfanin goro a aure da suna da sarauta. Sukan ɗauke shi alama kawai, su manta cewa abu ne da ake ci kullum, mai ɗauke da sinadarin da ke kore barci da yunwa, wanda direba da ɗan dako da mai gadi suka dogara da shi. Mafi yawan goron da aka taɓa ci a ƙasar Hausa marsa ne da minu da farsa, a bakin mutanen da ba su taɓa jin ɗanɗanon labuje ba, kuma da shi aka ɗaura mafi yawan aurarrakin da aka haifi masu nazarin a cikinsu. Sunayen manyan goro sun cika ƙamus da bakin maroƙa, amma ƙananan ne suka yi aikin.

Da aka buɗe kasuwanni aka maido da waya, ɗan kasuwar Shinkafi ya kira shi ya ce kaya sun iso, ya ware masa nasa. Malam ya yi godiya, ya tambayi iyali, ya ce idan wani mai zuwa Ƙaura ya samu a aiko masa da biyar, idan babu kuma a sayar. Ba a aiko ba, bai kuma bi sawu ba. Tsohon Zurmi ya rasu a shekarar da ta biyo, 'ya'yansa suka sayar da kwandunan.

Yanzu haƙoransa sun yi rauni, da magogi yake cin goro. Yakan goga shi a kan 'yar takarda ya zuba garin a tafin hannu, kuma a kan magogi goriya da minu duk gari ɗaya suke zama. Kwanakin baya wani ɗansa da ke aiki a Bida ya zo da goro shida da aka ce masa labuje ne. Malam ya jujjuya su, ya shinshina, ya ɓare ɗaya kusa da kunnensa, ya ce mai yiwuwa ne. Da La'asar ya tafi da su majalisa, ya yanyanka da 'yar wuƙa aka zagaya da su a murfin kwano, har da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya. Abokin nan nasa ya tauna ya ce yana jin kamar ya fi na jiya ɗan zaƙi, sai dai bai tabbata ba. Mai shayi ya ce shi bai ji wani bambanci ba, ya nemi ƙari.