Rigar Batir

A Daura tocila ba kayan ado ba ce. Idan bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, ɗaki ba ya kwantuwa, kowa sai ya jawo tabarma tsakar gida, kuma lokacin ne kunama take yawonta. Mai fita kewayawa da dare ba ya sa ƙafa sai ya haska. Muna yara Tiger Head ake ɗura wa tocilar ƙarfe. In ya yi sanyi a shanya shi a rana, in ya mutu mu fasa mu ciro baƙin garin ciki mu shafe allon ajinmu. Batir ne marar faɗa.

Wanda ya gaje shi yana da zuciya. Ina nufin dogon batir ɗin nan na caji da ake kira 18650, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na sinadarin litiyom ne, dangin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Cikarsa bolt 4.2, in aka matsa masa fiye da haka sai ya ɗau zafi; in kuma aka tatse shi ƙasa da 2.5, ya fara lalacewa daga ciki. Shi ya sa ake maƙala wa wasu ɗan faranti a gindi, mai yanke wuta da kansa idan caji ya cika, ko ya ƙare, ko waya ta haɗu. Yawancin waɗanda nake gani a teburan kasuwarmu, da ta Mai'aduwa ranar Lahadi, ba su da wannan mai gadin. Wasu ma daga tsohon batirin kwamfuta aka ɓalle su, za ka ga tabon walda a kansu. Na rubutun jiki kuwa sai dariya: an buga 9,900, alhali na manyan kamfanoni ba su cika wuce 3,500 ba.

Ban ga laifin mai saye ba, ni ma su nake sa wa tawa. Wanda kuɗin kananzir ya kora ba za ka ce masa ya jira na asali ba. Abin da dai ya kamata a gaya masa shi ne, aikin wancan farantin ya dawo wuyansa. In haske ya fara dushewa, a kashe a kai caji, kada a ce sai an ga ƙwal uwar daka. Kada a jona shi da tsirarar waya biyu, kada a bar shi a caja bisa katifa a yi barci. Tocila mai cin biyu ko uku ba a haɗa mata tsoho da sabo, domin raunannen zai riga ƙarewa, ɗan'uwansa ya ci gaba da tura masa wuta ta baya. Samsung ma da duk injiniyoyinsa sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batir na kamawa da wuta, balle namu da ke wuni cikin akwatin mashin a rana.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne rigar. Ledar nan shuɗiya ko kore da aka naɗe shi da ita, mutane sun ɗauka kwalliya ce. Ɗan maɓallin kai shi ne gefe ɗaya na wutar, gindi da dukkan jikin ƙarfen su ne ɗaya gefen, kuma a wuya tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙwayar dawa ba. In ledar ta yage a nan, duk ƙarfen da ya gifta ya haɗa su. Cikin daƙiƙu kaɗan batir zai yi zafin da hannu ba ya riƙewa, wani lokaci ya yi tsartuwar wuta.

Kawuna yana fatauci ta Kwangwalam, aljihunsa ba ya rabuwa da makullin mashin da silallan sefa. Wata rana yana laluben goro sai ga batir ya fito tare da su, wuyansa a zare.

"Kawu, wannan ai wuta kake yawo da ita a cinya."

"Kai yaro, shekara guda yana nan bai ce mini komai ba."

"Allah Ya ja da ranka, ba ya sallama. Ranar da makullin nan ya kwanta masa a wuya, kafin ka tuɓe wando ya gama da fatarka."

Ya juya shi a tafin hannu ya yi shiru. Bai yarda a yar ba, kuma ban matsa ba, tunda bai kumbura ba, bai lotse ba, ba ya wari. Da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, cikin tsohuwar tukunya mai yashi zai kwana, can bayan gida nesa da danga da rumbu. Muka kai wa wani mai gyaran waya, ya zura masa sabuwar leda ya hura mata zafi ta kama jikinsa. Kawu ya yanko guntun tiyo, ya toshe bakin biyu da tsumma, nan batirin yake zama yanzu. Silallan kuma ya mayar da su aljihun hagu.