Ga masu tambayata “wa ya san su?”

Jama'a, ku yi mini haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo, don abin ya tsaya mini a rai. Hotunan da na saka jiya na yaran nan huɗu da suka yi wasa a wani ƙaramin ɗaki nan Leeds, wani ɗan uwa ya zo ƙarƙashinsu ya rubuta: “Malam, wa ya san waɗannan? Ga hoton ma duk duhu. Ka je ka ɗauko mana manya.” Ba zan kama suna ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Tun da na fara yawon nan da kyamara nake shan wannan tambaya, wani cikin wasa, wani cikin raini.

Gaskiya ne, babu wanda ya san su. Abin da ya kai ni wurin ke nan.

Waɗanda suka daɗe da ni a shafin nan sun san kiɗan da nake bi: rok na masu cin gashin kansu, wanda ake kira indi. Masu jita biyu ko uku da mai ganga, babu wani babban kamfani a bayansu. Su ke jidar kayansu daga mota zuwa dandamali, su ke tsayawa bakin ƙofa suna sayar da riguna bayan an tashi. To su manyan da ake cewa in ɗauko, daga sama suka faɗo? A watan Mayun 1993 Oasis suka hau dandamalin King Tut's a Glasgow, ɗakin da ke cin mutum 300, kuma ba don su aka taru ba a daren. A nan Alan McGee na kamfanin Creation ya gan su ya yi musu tayin kwantiragi. Arctic Monkeys wasansu na farko a 2003 suka yi shi a wata mashaya mai suna The Grapes a Sheffield. Windmill ta Brixton a Landan, wadda da ƙyar take ɗaukar mutum 150, ita ta raini black midi da Black Country, New Road. Nan garinmu ma English Teacher sun sha zagaya ƙananan ɗakuna irin su Brudenell kafin su ci kyautar Mercury a 2024. Da rarrafe yaro kan tashi. A duk waɗannan darare an tabbata akwai wanda ya leƙa ya ce wa ya san su, ya juya.

Sai maganar duhu. Ɗan uwa, ɗakin ne da duhu. A babban fili akwai ramin masu hoto gaban dandamali, akwai fitilu na miliyoyi, a ba ka waƙa uku na farko ka ɗauka ba tare da filasha ba, a fitar da kai. A ƙaramin ɗaki babu rami, kafaɗa da kafaɗa kake da masu kallo, wani lokaci fitila ja guda biyu ce kawai ke haska mutum huɗu. Jan haske kuwa shi ne babban abokin gabar mai hoto, yana shafe kamannin fuska gaba ɗaya, shi ya sa kuke ganin yawancin hotunana baƙi da fari. Ga masu tambayata ta akwatin saƙo, abin da na iya ke nan: gilashi mai 35mm ko 50mm, a buɗe shi zuwa f/1.8, ISO daga 3200 zuwa 6400, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 in mawaƙin mai tsalle-tsalle ne. Hoton zai fito da tsakitsaki, ku bar shi haka. Kada ku kunna filasha a idon mutumin da ke ƙoƙarin tuna baitinsa. Ku ɗauka ku durƙusa, don na bayanku kuɗinsa ya biya. Ku nemi mai ganga, kullum shi ake mantawa a can baya cikin duhu. Kuma ku sa abin toshe kunne, wannan ba na wasa da shi, kunnen da ya lalace ba ya dawowa.

Hoton da ke bangon faifan London Calling na The Clash, wanda Pennie Smith ta ɗauka a New York a 1979 Paul Simonon yana maka jitarsa da ƙasa, dishi-dishi ne. Ita kanta ba ta so a yi amfani da shi ba saboda haka. A 2002 mujallar Q ta zaɓe shi hoton rok mafi kyau da aka taɓa ɗauka. Abin da aka kama a daren ake dubawa.

Abin da ya sa rainin nan yake ci mini rai shi ne ɗakunan suna mutuwa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 a Birtaniya ko dai sun rufe ko sun daina sa kiɗa. Moles ta garin Bath, wadda ta buɗe a 1978, wadda Radiohead da Oasis suka taka dandamalinta suna ƙanana, ta rufe a Disambar 2023. Kuɗin haya da na wuta sun hau, tikitin fam goma ba ya biyan komai. In ɗaki ya rufe, me ya rage na shaida cewa an taɓa yin wani abu a cikinsa? Hotunan nan masu duhu.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: ɗan Musulmi me ya kai shi mashaya da dare? Na ji, kuma ban raina mai faɗa ba. Wata yayata ta kira ni a kan haka, na saurare ta har ta gama. Eh, ana sayar da giya a wuraren. Ruwa nake sha, aikina nake yi, in na gama in kama hanyar gida. Wanda ya ga bai dace da shi ba, kada ya je, ina girmama shi. Amma a yi mini nasihar a matsayin nasiha. Kada a fake da ita a ci mutuncin yaran da suka tashi daga aikin kanti ƙarfe biyar, suka tuƙo mota daga wani gari don su yi wa mutum talatin wasa, kuɗin mai ma bai fito ba.

Kuma mu daina cewa abin na Turawa ne kawai. Mdou Moctar na Nijar a bukukuwan aure yake kaɗa jitarsa, waƙoƙinsa suna yawo daga waya zuwa waya, kafin kamfanin Matador, gidan 'yan indi na Amurka, ya fitar da faifansa Afrique Victime a 2021. Sai da baƙi suka yaba sannan wasunmu suka fara cewa namu ne. Wannan hali yana damuna ƙwarai. Ba ma iya ganin mutum sai wani ya nuna mana shi da yatsa, ba ma tafa wa kowa sai mun ji ana tafi. Allah ya ba mu ido da kunne namu na kanmu.

In kana garin da ke da irin ɗakin nan, ka sayi tikiti tun kafin ranar, ka zo da wuri ka ga masu buɗe fage, ka daina surutu a gaba suna waƙa. In za ku tura hotunan jiya gaba, ku tura, ban hana ba, amma ku bar sunan ƙungiyar a jiki yadda na rubuta shi. Sauran hotunan mai gangar ina kan gyara su, gobe in Allah ya kai mu zan saka.