Kiɗa Mai Taushi A Ɗakin Jinya

Yau ina so mu yi magana a kan jinya, gama duk gidan da ciwo ya shiga, mace ce ke shimfiɗa tabarma a gindin gado. To, akwai wani taimako a hannunmu wanda ba a sayensa a kantin magani, watau kiɗa ko waƙa mai taushi.

Mu ɗauki wanda aka yi wa aikin zuciya, irin aikin da aka fara yi a Nijeriya a Inugu cikin 1974. Likita yakan tsaga ƙashin ƙirji, in ya gama ya ɗaure shi da zaren ƙarfe, ƙashin kuwa sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Tun daga kwanakin farko ana son majinyaci ya riƙa jan dogon numfashi yana tari, don kada majina ta taru masa a huhu. Amma tari da tsagaggen ƙirji ba wasa ba ne. Ga zafi, ga tsoro, tsoro kuwa yana gaggauta bugun zuciyar nan da ake so ta huta.

A nan ne kiɗa ke da amfani. Cikin 2009 wata malamar jinya ta ƙasar Suwidin, Ulrica Nilsson, ta ba da labarin gwajin da ta yi. Kashegarin aikin zuciya ta sa wa waɗansu majinyata kiɗa mai taushi na minti 30, waɗansu kuwa suka kwanta kurum ba kiɗa. Da aka auna jininsu, sai aka tarar sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin fargaba ya fi sauka ga waɗanda suka ji kiɗan. Cikin 2015 kuma mujallar likitoci ta Ingila, Lancet, ta buga nazarin da ya haɗa gwaji 73 na majinyata wajen 7,000 da aka yi wa tiyata iri iri. Aka ga masu jin kiɗa sun fi samun sauƙin zafi da fargaba, har maganin zafin da suka bukata ya ragu.

Ni dai abin bai ba ni mamaki ba. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa in aji ya rikice, waƙa ta fi bulala saurin kwantar da yara. Bara kuma na yi jinyar goggona bayan irin wannan aiki. Masu dubiya sukan cika ɗaki, kowa da tambayarsa, ita kuwa ko amsa sannu wuya take ba ta. Da na roƙe su su dakata a waje, na sa mata busar sarewa ƙasa-ƙasa, sai in ga kafaɗunta sun saki, numfashinta ya daidaita, wani lokaci har barci ya ɗauke ta.

In jinya ta same ki, 'yar'uwa, fara neman izinin likita ko nas. Bar majinyaci ya zaɓi abin da ransa ke so, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A nemi mai tafiya a hankali, kamar gurmi ko sarewa ko murya kaɗai, ban da kalangu da gangar biki. Rabin sa'a ya isa, kada kuma a ɗaga ƙara a dami na gadon kusa. In ya ce ba ya so, a kashe, shiru ma hutu ne.

Amma ki kiyaye, kiɗa ba ya zama madadin magani. Kada a ƙi allura ko ƙwaya don an ji daɗin waƙa, kada kuma a ɓoye wa likita zafi. In zafi ya tsananta ko numfashi ya yi wuya, a kira nas nan da nan.

Ku kuma 'yan makaranta, ku kuka fi iyayenku sanin kan waya da rediyo. In aka kwantar da wani naku, wannan aikinku ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.